Hukuncin Masu Sharhi A Kan Gwanin 'Yan Wasan Silima

A birnin Niyok na ƙasar Amurka akwai wata ƙungiya ta 'yan jarida waɗanda sana'arsu ita ce kallon silima, su rubuta abin da suka gani, yabo ko suka. An kafa ta a 1935. In ƙarshen shekara ya zo sai su taru su jefa ƙuri'a, su fid da ɗan wasan da ya fi kowa gwaninta cikin waɗanda suka ɗauki babban matsayi a fim, watau wanda labari ya rataya a wuyansa. In ba a sami rinjaye ba a sake jefawa, har a dace. Wanda suka fara ba lambar shi ne Charles Laughton, mutumin Ingila. A 1962 ba su ba kowa ba, don ma'aikatan jaridun birnin suna yajin aiki.

Mai karatu zai ce, ina amfanin wannan, alhali ga babbar lambar nan ta Oska wadda duniya duka ta sani? Tambaya ce mai kyau, kuma wani ya riga ya yi wadda ta fi ta zafi. A 1940 masu sharhin suka zaɓi Charlie Chaplin saboda fim ɗinsa The Great Dictator, inda ya fito mutum biyu: wanzami Bayahude talaka, da wani azzalumin shugaba wanda kowa ya gane Hitila ake nufi. Wanda ya ga inda azzalumin nan ke rawa da taswirar duniya mai kamar ƙwallo, yana cilla ta sama yana cafewa har ta fashe masa a hannu, ba zai yi musun zaɓen ba. Amma Chaplin ya ƙi karɓa. Hujjarsa kuwa, in ya karɓa, ya yarda ke nan 'yan wasa tsere suke yi da juna.

Lalle akwai gaskiya a maganarsa. Dawaki in sun yi sukuwa fili ɗaya suke bi, wanda ya riga isa kowa ya gani da idonsa. 'Yan wasa fa? Wannan an ba shi labari mai daɗi da shugaban shiri mai hankali, wancan an ba shi labari gurgu, shi ya tallafe shi da ƙyar. Da wane mudu za a auna su? Su kansu masu sharhin ba su kuɓuta daga aibi ba. Mutanen birni guda ne, tarbiyyarsu kusan ɗaya, sau da yawa abin da ke burge su ba shi ke burge mai sayen tikiti ba. Ga kuma wannan sake jefa ƙuri'a: in ɓangare biyu suka kafe, kowa da gwaninsa, ana iya ƙarewa a kan na uku wanda ba wanda ya ƙi shi, ba kuma wanda ya so shi ƙwarai.

Duk da haka ni ban bi Chaplin har ƙarshe ba. Dalilina shi ne abin da ya faru a 2020.

A wannan shekara Spike Lee ya fitar da fim mai suna Da 5 Bloods. Labarin tsofaffin sojoji ne baƙar fata huɗu na Amurka, waɗanda suka koma Biyetnam bayan shekaru masu yawa don su tono ƙasusuwan shugabansu Norman da ya mutu a yaƙi, su kuma kwashe zinariyar da suka binne a daji. Delroy Lindo, wanda aka haifa a Landan a 1952, iyayensa mutanen Jamaika, shi ya fito a matsayin Paul, ɗaya daga cikin huɗun. Paul mutum ne mai wuyar zama. Ga faɗa, ga zargi, yana sanye da jar hular magoya bayan Donald Trump, abin da abokansa suka kasa ganewa. Ɗansa na cikinsa ya biyo shi tafiyar, shi kuwa ya kasa dubansa da idon rahama, domin wajen haihuwar yaron uwar ta rasu.

Ɗan wasa mai neman a so shi da sai ya sassauta irin wannan mutum, ya riƙa yi wa masu kallo alama cewa shi fa ba haka yake ba. Lindo bai yi haka ba. Ya bar Paul da muninsa duka. Sai dai duk sa'ad da ya daka tsawa, in ka dubi idonsa tsoro za ka gani, ba ƙarfi ba. Can wajen ƙarshe Paul ya rabu da 'yan'uwansa, ya kutsa daji shi kaɗai da jakar zinariya, yana sara da adda yana magana, ya zuba wa mai kallo ido kai tsaye, yana rantsuwa ba wanda zai kashe shi, ba gwamnati ba, ba cuta ba. Magana ce doguwa, wadda a bakin wani da ta zama haukan banza. Shi kuwa yakan ɗaga murya, sa'an nan ya sauke ta kamar mai raɗa, har ka rasa ko da kai yake ko da ransa. Daga baya ne ake gane abin da ke cinsa tun farko: harsashinsa ne ya sami Norman bisa kuskure, ya ɓoye wannan shekara da shekaru. Wanda ya sake kallon fim ɗin bayan ya san haka zai tarar Lindo ya riga ya shuka abin a fuskarsa tun daga farko, a yadda yake kau da kai in an ambaci sunan mamacin.

Ba na cewa fim ɗin ba shi da aibi. Ya yi tsawo, harbe-harben ƙarshe sun yi yawa, mutanen Biyetnam kuma ba a ba su bakin magana sosai ba a ƙasarsu. Amma wannan laifin mai shiri ne, ba na ɗan wasa ba, kuma aikin mai sharhi ke nan ya raba tsakanin biyun.

Masu sharhin Niyok suka ba Lindo lambarsu a Disamba 2020. Da aka zo Oska, inda masu zaɓe dubbai ne, 'yan sana'ar kansu, kamfanoni kuma na kashe kuɗi mai yawa wajen tallan 'yan wasansu, ko cikin mutum biyar da aka tsayar sunansa bai fito ba. Anthony Hopkins ya ci, saboda The Father, inda ya fito tsoho mai ruɗewar hankali. Ba ni da ta cewa a kan Hopkins, ya yi aiki na ƙwarai. Amma a ce cikin biyar babu gurbin Lindo, wannan ban yarda ba. Haka aka yi wa Ethan Hawke a 2018: Niyok ta zaɓe shi saboda First Reformed, Oska ba ta ko tsayar da shi ba.

To, a nan ne na rabu da Chaplin. Shi a 1940 ba lungun da sunansa bai kai ba, ƙin karɓar lamba bai rage shi da kome ba. Lindo kuwa ya shafe shekara fiye da talatin yana fitowa a finafinai, galibi a bayan wasu, har da Malcolm X na 1992, kafin a ba shi wuri irin na Paul yana da shekara sittin da bakwai. Fim ɗin ma ya fito ne a Netflix cikin watan Yuni, lokacin da annoba ta sa an rufe gidajen silima, ba taron jama'ar da za su tafa masa. Mutanen da suka zauna suka kalli finafinan shekarar ɗaya bayan ɗaya, don aikinsu ke nan, su ne suka tuna da shi bayan wata shida.