Takardar Fita Daga Majami'a: Sharhi Kan Shari'ar Guinn

Ƴan uwa ɗalibai, a wannan ɗan littafi namu mun saba feɗe waƙoƙi da gajerun labarai. Ni yau hukuncin kotu zan feɗe, don shi ma rubutu ne, kuma rubutun da ke iya rufe wurin ibada ko ya maido wa mutum mutuncinsa ya cancanci a auna shi.

Ga yadda abin ya faru. A Collinsville, wani ƙaramin gari na jihar Oklahoma a Amurka, akwai majami'ar da ake kira Church of Christ. A 1981 dattawanta uku suka tuhumi wata mambarsu, Marian Guinn, da yin mu'amala da namiji ba aure. Suka ce in ba ta tuba ba za su faɗa wa jama'a, bisa fahimtarsu ta Linjilar Matta, sura ta 18. Sai ta rubuta musu takarda cewa ta fita daga majami'ar, ta roƙi kada su tona mata asiri. Suka ce a aƙidarsu ba a fita: ɗan gida ɗan gida ne har abada. Suka karanta laifinta gaban jama'a, suka kuma aika da labarin zuwa wasu majami'u huɗu na yankin.

Ta kai ƙara. Ba ta ce sun yi mata ƙarya ba. Ƙararta ta tona asiri ce da jefa ta cikin ƙunci, wato ƙanwar ƙarar ɓata suna. A 1984 aka yanke a biya ta dala 390,000, dalar Amurka fa, ba tamu ta kasuwa ba. A 1989 kotun ƙoli ta jihar ta raba maganar biyu. Abin da dattawan suka yi kafin takardar, ƴancin addini da ke cikin gyaran farko na tsarin mulkin Amurka ya kare shi, tunda da yardarta ta shiga. Abin da suka yi bayan takardar kuwa, ana iya kama su da shi. Ta maida shari'ar baya a sake ta.

Inda na yaba wa alƙalan shi ne sun gane cewa ƴancin addini na mutum ne kafin ya zama na ƙungiya. Majami'a ta samu ikon horon mutum ne don ya miƙa wuya, to ranar da ya janye wuyansa ikon ya ƙare. Gaskiya ne kotu ta taka aƙidar nan ta "ba a fita", amma ina mafita? Da ta bar ta, da ƙofar shiga kawai addini zai mallaka. Kuma ba a tilasta wa majami'a ta so wanda ya bar ta ba. A 1987 wata kotun tarayya, a shari'ar Paul da Shaidun Jehobah, ta ce ƙaurace wa tsohon mamba ibada ce da doka ta kare. Ka ƙi gaida ni, haƙƙinka ne. Ka bi ni da shela gari-gari, wannan wata magana ce.

Amma ma'aunin yana da rami. Komai ya rataya ga ranar da aka rubuta takarda. To wanda bai fita ba fa? Wanda aka haifa a ciki, uwa da uba da abokan ciniki duk suna ciki, fita gare shi kamar yanke hannu ne? Shi ne ya fi rauni, kuma shi ne ma'aunin ya bari a rana. Wanda ya yarda a hore shi bai yarda a yi masa ƙazafi ba.

A ganina abin da ya kamata a fara tambaya shi ne: wace irin magana aka yi? In shugaban addini ya ce wane ya kauce hanya, ko bai cancanci jagorantar ibada ba, alƙali ba shi da sikelin auna wannan, kuma ranar da ya fara aunawa gwamnati ta zama malami. In kuwa ya ce wane ya saci kuɗin asusu ranar kaza, wannan shaida da takardun lissafi ke warware shi, ko mutumin yana ciki ko yana waje. Dubi shari'ar Hill a Kanada. A 1984 lauyan cocin Scientology ya tsaya gaban ƴan jarida a Toronto ya zargi wani lauyan gwamnati, Casey Hill, da saɓa umurnin kotu. Zargin bai tabbata ba. A 1995 kotun ƙolin Kanada ta tabbatar da diyyar dalar Kanada miliyan 1.6, mafi yawanta a kan cocin. Babu alƙalin da ya buɗe littafin addini kafin ya gano gaskiya.

Rami na biyu kuɗi ne. In an ci ƙungiya tara, daga aljihun wa take fitowa? Daga sadakar tsofaffin da ba su ce uffan ba. Tara mai nauyi kan ƙaramar majami'a na iya rufe ta, kuma sauran su ji tsoron yi wa kowa nasiha. Duk da haka ban yarda a wanke ƙungiya ba: dattawan nan da sunanta suka yi magana, a kan mumbarinta, shi ya sa maganarsu ta yi kaifi. Wanda ya ara wa baki lasifika yana da rabonsa na alhaki. Abin da nake gani daidai shi ne diyya gwargwadon ɓarna, kuma inda ƙarya aka yi, a janye ta a wurin da aka faɗe ta, gaban mutanen da suka ji.

Wani zai ce a fada wajen shayi: mu ina ruwanmu da Oklahoma? Da yawanmu muna cikin biro na ƙungiyoyin ɗalibai da komitin masallaci ko na coci, muna sa hannu kan sanarwa, muna tura ta a WhatsApp. Kuma mun san Suratun Nur ta ɗora wa mai zargin zina shaidu huɗu, in ya kasa a yi masa bulala 80, tun kafin a san da wata kotu a Amurka. Kafin ka buga tambarin ƙungiya kan takarda mai ɗauke da sunan mutum, ka tambayi kanka: wannan hukuncin aƙida ne, ko zargi ne da za a ce in kawo shaida? In na biyun ne kuma ba ka da ita, maida tambarin cikin jaka.