Mutuwa da Jan Rai a Ƙagaggen Labari: Abin Koyi Daga Shaihu Umar da Jiki Magayi

Duk wanda ya daɗe yana bibiyar ƙagaggun labaranmu na Hausa, na littafi da na fim, ya san irin hidimar da muke sa mutuwa ta yi mana. Marubuci zai ƙulla labari, ya tara kishiyoyi da masu neman aure, in ya ga zaren ya cukurkuɗe ya rasa ta inda zai warware, sai ya ɗauko mota ya ɗora ta kan hanyar Zariya zuwa Kano, taya ta fashe, a wayi gari wanda ya tare wa tauraro hanya ya riga mu gidan gaskiya. Wani kuma hawan jini ko ciwon zuciya yake aikowa. A shafi na gaba an ɗaura aure, kowa yana murna. Mutuwa ta zama tsintsiyar da muke share duk wanda ya dame mu a cikin labari.

Manufar wannan sharhi ita ce mu nuna wa 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa a Ikara da Maƙarfi da Kudan, cewa mutuwa ba ta riƙe mai karatu sai an yi mata shimfiɗa tun da wuri, sai kuma an ga abin da ta bari a baya. Ba sai mun je nesa neman misali ba, domin biyu daga cikin littattafan farko da aka buga a Zariya bayan gasar rubutu ta 1933 sun isa su koyar da mu, kuma dukkansu sun taɓa wannan yanki namu na ƙasar Zazzau.

Ba-zata daban, jan rai daban

Akwai abubuwa biyu da muke yawan haɗawa wuri guda. Na farko shi ne ba-zata, wato a ɓoye wa mai karatu abu, sai kwatsam a jefo masa shi. Na biyu shi ne jan rai, wato a sanar da mai karatu cewa ga masifa nan tafe, sannan a bar shi yana jiran saukarta, zuciyarsa na ɗar-ɗar. Shahararren mai shirya fim ɗin nan ɗan Ingila, Alfred Hitchcock, ya bayyana bambancin a hirar da ya yi da François Truffaut na Faransa a 1962. Misalin da ya kawo shi ne na mutane biyu da ke hira a kan tebur alhali akwai bam a ƙarƙashinsa. In mai kallo bai san da bam ɗin ba, zai razana ne na ɗan lokaci kaɗan sa'ad da ya tashi, shi ke nan. In kuwa an nuna masa lokacin da aka ajiye shi, aka kuma nuna masa agogo, to hirar banzar da mutanen nan ke yi za ta zame masa abin fargaba tun daga farkonta har ƙarshe.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A Dare Dubu da Ɗaya mun san tun farko cewa ran mai ba da labarin yana hannun sarki, shi ya sa kowace fitowar alfijir take da nauyi. Abubakar Imam ya bi wannan hanya a littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, inda ya sanar da mu makircin Waziri, sannan ya bar aku yana ta jan Musa ɗan Sarki da labarai don kada ya fita daga gida. Musa bai san abin da ke jiran sa a waje ba, mu kuwa mun sani. Wannan sanin ne yake sa mu ƙosa mu ji ko labarin yau ma zai riƙe shi har gari ya waye.

Shaihu Umar: wanda aka san ya tsira

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi abin da da yawa daga cikinmu za su ji tsoron yi. Ya buɗe littafinsa da Shaihu Umar yana babban malami a Rauta, almajirai kewaye da shi, shi da kansa yake ba su tarihin rayuwarsa. Ke nan tun shafin farko an gaya mana cewa tauraron bai mutu ba. Duk wuyar da zai shiga, ta sata ce ko ta bauta ko ta guguwar hamada, mun san zai fita da ransa. Mai gaggawar hukunci zai ce marubucin ya zubar da makaminsa tun kafin a fara yaƙi. To amma me ya sa har yau mai karatu ba ya iya ajiye littafin?

Amsar ita ce marubucin ya ɗauke fargabarmu daga kan Umar ya ɗora ta a kan mahaifiyarsa. Mu tuna yadda abin ya faro. Umar maraya ne a Kagara, mahaifiyarsa ta auri Makau, wani bafaden sarki. Hassadar fadawa ta sa aka kori Makau daga garin, ya yiwo gabas har ya sami wurin zama a Maƙarfi. Kafin matar ta bi mijinta sai ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a baya, aka sace shi. A tsarin littafin, Maƙarfi ita ce gidan da ya kamata iyalin nan su haɗu su huta, kuma wannan haɗuwa ce mai karatu ke ta sa rai da ita. Daga nan labarin ya rabu biyu. Muna ganin yaron ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, an ƙetara da shi hamada, yana samun ilimi da kulawa. Uwar kuwa ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ta fita neman ɗanta, ita ma aka kama ta aka bautar, aka yi ta gaba da ita har Murzuk, daga bisani Tarabulus.

A nan ne dabarar take. Mun san inda ɗan yake, uwar ba ta sani ba, don haka kowane taku nata yana yi mana ciwo. Kuma tun da Shaihun da ke ba da labari a Rauta bai nuna mana wata tsohuwa a gidansa ba, zuciyarmu tana raya mana abin da ba mu so. Sa'ad da suka haɗu a Tarabulus, wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta cika. Wannan mutuwa ba ta zo wa kowa da mamaki ba, amma ta fi hatsarin mota ɗari zafi, domin marubucin ya ɗauki shafuka masu yawa yana sa mu san matar, mu san abin da take nema, mu ga farashin da ta biya. Har ila yau mutuwar tata ita ce hukuncin da littafin ya yanke wa cinikin bayi, ba tare da marubucin ya tsaya yi mana wa'azi ba.

Wannan zubi ne ya sa labarin ya karɓi dandamali da majigi. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya shirya fim ɗinsa a 1976. Labarin da aka gina a kan tafiya biyu, ta uwa da ta ɗa, ya dace da aikin kyamara, domin mai haɗa hoto yana iya yankowa daga wannan ya koma wancan, mai kallo yana ganin tazarar da ke tsakaninsu.

Jiki Magayi: mutuwar da aka shuka

Littafin John Tafida da Rupert East ya bi wata hanyar daban. Labarin ya faro ne a garin da aka kira Galma, sunan kogin nan da ya ratsa ƙasar Zazzau. Abubakar yana son Zainab, sai attajiri Malam Shaihu ya sa dukiya ya aure ta domin yana neman haihuwa. Abubakar ya yi rantsuwar ɗaukar fansa, ya shiga duniya neman asiri, ya samo, ya kuma sauke shi a kan ɗan da aka haifa, wato Kyauta. Ba a ɓoye mana komai ba. Mun raka Abubakar wurin neman maganin, mun ga lokacin da aka yi aikin. Bam ɗin Hitchcock ke nan an ajiye shi a gaban idonmu.

Abin da ya rage shi ne jira. Muna kallon yaron yana girma yana lalacewa, daga ƙaramar sata zuwa babba, uban yana shan kunya, har ranar da Kyauta ya shiga wani gida sata ya kashe mai gidan, bai san mahaifinsa ba ne. Kowane mataki ya haifi na gaba da shi, kamar gaɓoɓin raken Maƙarfi da Kudan, ba ka isa ta sama sai ka bi ta ƙasa. Da a ce marubutan sun ɓoye mana zancen asirin sai a shafin ƙarshe, da mun ɗauki Kyauta a matsayin ɓarawo kawai. Sanin da muka yi ne ya sa muke tausayin sa alhali yana aikata ɓarna, muke kuma tambayar kanmu laifin na wane ne: na mai kuɗin da ya raba masoya, ko na wanda ya ɗauki fansa a kan jariri?

Sai dai muna ganin ƙarshen littafin bai kai tsakiyarsa ƙarfi ba. Bayan Kyauta ya gane gaskiya ya tashi neman Abubakar, sai mutuwa ta riga shi. Ana iya cewa hikimar ita ce a tsayar da zaren fansa kada ya ci gaba. Duk da haka mai karatu ya daɗe yana jiran ganin mutanen nan biyu ido da ido suna magana, kuma an yi saurin rufe masa ƙofa. Ko a wurin magabata ke nan, mutuwar da ta zo don ta sauƙaƙa wa marubuci aiki ba ta kai wadda aka shuka tun farko daɗin karatu ba.

Me ya rage mana?

Wani zai ce ai mutuwa ba ta sallama, ajali in ya zo babu shiri, don me za a hana marubuci ya nuna ta yadda take? Gaskiya ne. Shi kansa Hitchcock ya kashe tauraruwar fim ɗinsa Psycho na 1960 tun labari bai kai rabi ba. Amma mu lura, sauran fim ɗin gaba ɗaya a kan wannan kisa ya tsaya. Haka Chinua Achebe ya yi da kisan Ikemefuna a littafinsa na 1958: an gargaɗi Okonkwo kada ya sa hannu, ya sa, kuma abin ya bi shi ya raba shi da ɗansa Nwoye. Mutuwar fuju'a tana da wuri a labari in za a zauna a ga bayanta.

A nan ne muke barin dukiya a ƙasa. A rayuwar Bahaushe mutuwa ba ta ƙarewa a maƙabarta. Akwai zaman makoki da abin da ake raɗawa a cikinsa. Akwai takaba ta wata huɗu da kwana goma. Akwai rabon gado, inda gonar fadama ɗaya take iya raba 'yan ɗaki biyu har abada. Akwai bashin da mamaci ya ci don noman tumatir ko rake, wanda masu shi za su zo nema bayan sadakar uku. Akwai marayun da za a rarraba wa dangi. Marubucin da ya tashi a Ikara ko Hunƙuyi ya ga waɗannan da idonsa, amma in ya zo rubutu sai ya tsallake su da jimla ɗaya, ya garzaya wurin biki.

Masu shirya fim ma abin ya shafe su. Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa finafinai masu dogon zango da ake kallo yau a Arewa24 da YouTube, an saba yanke shiri a daidai inda aka ɗaga wuƙa ko aka shiga da wani asibiti, a ce sai mako mai zuwa. Haka littattafanmu suke yi da na ɗaya da na biyu, haka masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp. Dabara ce mai amfani, amma in aka dawo aka tarar babu abin da ya faru, sau biyu sau uku, mai kallo zai daina gaskata mu. Kiɗan baƙin ciki da doguwar koke-koke kuma ba sa maye gurbin shimfiɗar da ba a yi ba.

Shawararmu ga mai rubutu ita ce, kafin ya kashe kowa a labarinsa ya tsaya ya amsa tambayoyi uku. Shin mai karatu ya san wannan mutum har zai ji rashin sa? Shin akwai abin da aka shuka a baya wanda ya kawo wannan mutuwa, ko aƙalla ya sa a ji tsoron ta? Sannan wa za ta canja a cikin waɗanda suka rage, kuma a wane shafi za a ga canjin? In amsar ukun duka babu ce, to a bar bawan Allah da ransa, a koma a nemi wata hanyar warware ƙullin. Muna kuma roƙon 'yan'uwa da su sake ɗauko waɗannan littattafai biyu, ƙanana ne, ana gama kowanne a zama ɗaya ko biyu, a karanta su a taron wata da alƙalami a hannu, ana sa alama a duk inda marubucin ya sanar da mai karatu abin da mutanen cikin labarin ba su sani ba.