Siridebi, mai magana da ido

Ɗan'uwa mai karatu, in ka taɓa shiga gidan sinima a Maraɗi ko Damagaram lokacin da fim ɗin Indiya yake tashe, ko ka kalli kaset a gidan maƙwabci, da wuya a ce ba ka ga matar nan ba. Ita ce mai rikiɗa ta zama macijiya cikin Nagina, fim na 1986. Gardi yana busa, ita tana rawa a ƙasa, launin idonta ya sake. Ba ka jin ko kalma guda ta bakinsu, amma ka gane kome. Sunanta Siridebi.

Ga abin da wataƙila ba ka sani ba: ita ma harshen Hindi, wanda ake yin fina-finan nan da shi, ba nata ba ne. An haife ta a 1963 can kudancin Indiya, inda ake yin Tamil. Tana shekara 4 aka fara sa ta fim. Sa'o'inta suna tafiya lakwal, ita tana gaban mai ɗaukar hoto, yau Tamil, gobe Telugu. Ita da bakinta ta ce wannan aiki ya hana ta zaman lakwal irin na sauran yara. A 1976, tana shekara 13, aka ɗaura mata sari, aka ba ta matsayin babbar mace, har ta zama matar uban wani ƙaton saurayi. An yaba mata ƙwarai. Ni dai in na tuna shekarunta, yabon ba ya yi mini daɗi.

Da ta koma yin fim a Bombai, shekara da shekaru wata mata mai suna Naz ce take ara mata murya. Bakin nata ne, maganar ta wata ce. To me ya rage mata? Fuska da ido da jiki. A ganina nan ne asirin gwanintarta, kuma shi ya sa mu da ba mu jin Hindi muka fahimce ta. Dubi Sadma na 1983. Budurwa ce ta yi haɗarin mota, hankalinta ya koma na ƙaramar yarinya. Yadda take turo baki, yadda take laɓewa in ta ji tsoro, sai ka rantse ƴar shekara shida ce. Wadda aka mai da babba tun tana yarinya, sai da ta girma aka bar ta ta yi ƙuruciya, shi ma a cikin wasa.

Ba duka ne masu kyau ba. A Himmatwala, shi ma na 1983, an jera tukwane barkatai, an ce ta yi ta rawa tsakaninsu. Ya kawo kuɗi, amma ba labarin kirki. Ta yi aure a 1996, bayan 1997 ta bar sinima don renon ɗiyanta. A 2004 ta leƙo telebijin da wasan ban dariya mai suna Malini Iyer, labarin ƴar kudu da ta yi aure cikin mutanen arewa. Bai daɗe ba, a 2005 aka tsaida shi. Akwatin telebijin ya yi mata kaɗan.

Ta rasu a Dubai ran 24 ga Fabrairu 2018, tana da shekara 54, bayan ta yi fim wajen 300. Cikinsu duka, wanda nake so ka nema shi ne English Vinglish, na 2012, wanda ta dawo da shi bayan shekara 15.

A ciki sunanta Shashi. Matar gida ce, tana dunƙula wata alewa mai kama da nakiya tana sayarwa. Mijinta da ɗiyarta suna yi mata dariya don ba ta iya Ingilishi ba. Aka tura ta Amurka bikin ɗiyar ƴar'uwarta. Ta shiga wani shagon shayi, mai sayarwa ta yi ta jefo mata tambayoyi, ta rikice, mutane suna kallo, ta fita a guje ta zauna tana kuka. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ma'aikaci an miƙo masa takarda bai san gabanta da bayanta ba, ya san wannan kuka. Siridebi ba ta cika shi da ihu ba. Leɓenta kawai ke rawa. Daga nan ta ɗauki kuɗin alewarta, ta shiga ajin manya na mako huɗu a ɓoye.

Fim ɗin yana da aibi. Mako huɗu ba ya koyar da harshe, kai ma shaida ne. Kuma cikin ajin akwai ɗan Afirka guda, an ajiye shi kamar turke, da ƙyar aka ba shi magana. Amma ranar biki, da mijin ya tashi zai ba da hanzari cewa matarsa ba ta iya ba, ta tsaida shi, ta miƙe. Ta yi jawabi a hankali, da kuskure nan da can, ba a gyara mata ba. Kunya ta rufe mijin da ɗiyar.

A jirgin komawa gida ana raba jaridu. Shashi ta dubi ma'aikaciyar jirgi, ta tambaye ta da Ingilishi ko akwai jaridar Hindi.