Rediyon Motarka Tana Kuka? Kada Ka Yi Saurin Cire Ta

Idan ka taɓa shiga tsohuwar Golf ko akori-kura 504 daga Sule Tankarkar zuwa Gumel, ko ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari, ka san ƙarar da nake nufi. Direba ya kunna rediyo a ji labarai, yana taka totur sai wani siririn kuka ya rufe muryar mai karantawa. Shawarar da aka saba bayarwa a gareji, har da bidiyoyin YouTube, iri biyu ce: "rediyon ta tsufa, sa sabuwa mai memori", ko kuma "ɗaura mata filta." A ganina duka biyun gajeren tunani ne, domin ana ba da magani ba a tambayi ciwon ba.

Ƙarar ba iri ɗaya ba ce. Akwai tas-tas-tas mai ƙara sauri idan ka ba da wuta. Wannan daga fulogi take. Kowane tartsatsi yana ɗauke da bolt dubbai, kuma yana watsa siginar rediyo kamar wata ƙaramar tasha. Injin mai silinda huɗu yana tartsatsi biyu a kowane juyi, ke nan a silo na juyi 800 a minti, kusan sau 27 a daƙiƙa. Akwai kuma siririn kuka mai hawa da sauka tare da totur. Wannan na altaneta ne. Wutar da take samarwa mai kai-da-komo ce, sai dayod shida su miƙar da ita kafin ta shiga batir. Idan dayod ɗaya ya ƙone, wutar ta dinga zuwa da gargada, rediyo kuma ta mayar da gargadar sauti.

Shi ya sa nake da ja da maganar filta. Idan dayod ne ya mutu, filta za ta rage kukan, amma altaneta ba ta caji yadda ya kamata, wani lokaci ma batir ya zuƙe cikin dare. Ka toshe bakin mai yi maka gargaɗi ke nan, sai ranar da mota ta ƙi tashi a hanyar Gagarawa da fasinja a ciki. Sabuwar rediyo kuwa a kan tsohuwar wayar za a jona ta, don haka sau da yawa kukan yana biyo ta.

Gwajin bai cin ko sisi. Da farko kashe injin, ka bar makulli inda rediyo ke aiki. Idan ƙarar tana nan, ba ruwan injin. Idan ta tafi, tayar da mota ka zare wayar eriya daga bayan rediyo. In ƙarar ta ɗauke, ta eriya take shiga: duba tsatsa a gindin eriyar, duba wayoyin fulogi, ka kuma karanta lambar fulogin kansa. A na NGK, harafin R, kamar a BPR6ES, yana nufin akwai abin da ke danne hayaniyar a ciki, shi kuwa BP6ES ba shi da shi. In kuma ƙarar ta zauna duk da an zare eriya, ta wayar wuta take bi. Kankare inda baƙar wayar rediyo ta kama jikin mota, ka duba igiyar ƙarfen da ta haɗa injin da bodi. Daga nan mai rewaya ya ɗora mita a kan batir, a ma'aunin AC, injin yana aiki. Idan ya kai wajen rabin bolt, altaneta ce abar zargi.

Ban ce filta ba ta da amfani ba. Masu ƙera motocin da kansu suna sa ɗan kondansa a jikin altaneta ko kwail, kuma a tsofaffin motocinmu sau da yawa an cire shi wajen gyara an jefar. Mayar da shi daidai ne, amma bayan gwaji.

Wani zai ce ai sai a koma FM. Gaskiya ne, Edwin Armstrong ya yi rajistar fasahar FM a 1933 musamman don maganin irin wannan hayaniya, kuma matsakaici da gajeren zango sun fi kwasarta. Sai dai kariyar FM tana aiki ne idan siginar tasha tana da ƙarfi. A garuruwanmu na bakin iyakar Nijar, nesa da Dutse da Kano, siginar takan iso a gajiye, ƙarar ta samu ƙofa.

Saboda haka idan mai gyara ya ce a cire rediyo tun bai buɗe bonet ba, ka ce masa ya fara zare eriya ku saurara tare.