Kanta a Majigi: Sarautar Kabi da Yaƙoƙinta a Hannun Masu Shirya Silima

Tun da aka fara shirya majigin tarihi a ƙasashenmu, akwai wata ɗabi'a da masu shiryawa suka lizimta. In za su nuna sarkin dā, sai su zaɓi wanda abokin gabansa baƙo ne, daga nesa ya fito. Nufinmu a wannan takarda shi ne mu duba dalilin haka da hasarar da ke cikinsa, muna kafa misali da ƙasar Kabi.

A 1978 Adamu Halilu, wanda ya riga ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa majigi a 1976, ya shirya wani mai suna Kanta of Kebbi. Dalilin zaɓensa ba ɓoyayye ba ne. Littafin Tarikh al-Sudan ya ba da labarin yadda Kanta ya bi Askiya Muhammadu na Songai yaƙin Agadas, aka saɓa wajen rabon ganima, ya yi tawaye wajen 1516, har ya gagari rundunar da aka aiko masa. Ya zauna Surame, birni mai ganuwar dutse, Sarkin Barno ya kewaye shi bai ci ba. Kanta ya bi shi gabas, a kan hanyar komowa aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, ya rasu. To, wa wannan labari zai ɓata wa rai? Babu jikan Askiya a kasuwar Argungu. Kowa na iya tafa wa Kanta ya koma gida ya yi barci.

Haka abin yake a wasu wurare. Majigin Sarraounia na Med Hondo, na 1986, ya tsaya kan sarauniyar Lugu da yaƙinta da Faransawa a 1899, ko da yake ya kyauta da ya nuna maƙwabtan da suka ƙi taimakonta. A 2025 kuma an fito da Amanyanabo, labarin Ibanichuka, sarkin Ijo na Okrika, wanda ya yi karo da Turawan Ingila a ƙarshen ƙarni na 19. Ba mu raina waɗannan ayyuka ba. Amma mai kallo da ya saba da irinsu sai ya zaci sarakunan dā ba su da damuwa sai ta baƙi.

Alhali kuwa yaƙin da ya fi barin tabo a kwarin Rima na 'yan'uwa ne. A 1805 Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi, Sarki Muhammadu Hodi ya fita. Karari ya tsaya a Argungu, aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame ya yi zaman shekaru a fadar Sakkwato, kana ya ta da kayar baya a 1849. Aka yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga, ya warware, Sarki Sama'ila ya ci gaba da yaƙi har zuwan Turawa. Gabar ba ta kwanta sosai ba sai 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa bikin su. Yau Sarkin Gwandu yana zaune a Birnin Kabi, watau tsohuwar fadar Kabawa, Sarkin Kabi kuwa yana Argungu, duka biyu cikin jiha ɗaya. Wanda ya ci birni yana kiran ranar nasara, wanda aka kora yana kiranta ranar baƙin ciki, kuma jikokinsu aji guda suke zama. Mai majigin da ya kauce wa wannan ya kauce wa wurin da gwanintarsa za ta bayyana. Dubi Nabame kaɗai: ɗan wanda aka kashe, ya girma a hannun waɗanda suka kashe ubansa, ya ci abincinsu, daga baya ya ɗaura musu yaƙi. Ina mai hikimar da zai rasa abin faɗa a nan?

Aibu na biyu shi ne mai da sarauta doki da takobi kurum. Ƙarfin Kabi yana cikin ruwa da fadama: shinkafa, da kifi, da jiragen da ke bin gulbi har Kwara. Masu ba da labari sun ce Kanta kansa yana da jirgi wanda aka lulluɓe da tagulla. Har yanzu ba a faɗa wa Matan Fada da koma da gora sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. A nan Kabawa suka yi kama da Ijo, waɗanda arzikin sarakunansu ya dogara ga jiragen yaƙi da na fatauci. Majigin da ya nuna sarki bai nuna masunci da manomi da bawan da suka ɗauki nauyin fada ba, ya nuna rawani ne babu kai. Halilu ya san haka, gama a Shaihu Umar bai ɓoye cinikin bayi ba.

Saboda haka muna ba malaman makarantun horon malamai shawara: in za a nuna wa ɗalibai majigin tarihi, a tambaye su abu uku. Bakin wa aka ɗauki labarin? Wa aka bari a waje? Da me sarkin yake ciyar da rundunarsa? In da hali, a kai su Gidan Tarihin Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka mai da ma'ajiyar kayan tarihi a 1958, su gwada abin da idonsu ya gani da abin da aka haska musu. A karanta musu abin da Muhammadu Bello ya rubuta game da Kabi a Infaƙul Maisuri, a kuma saurari abin da dattawan Argungu ke faɗa. Ɗalibin da ya ji ganga biyu ba ya yanke hukunci da gaggawa.