Akwatin Ɗan Koyo: Nazarin Al'adar Ɗurin Harsashi a Amurka

A kantunan kayan farauta na Amurka akwai wani kwali mai nauyi da ake miƙa wa duk wanda ya ce yana son fara ɗura harsashin doguwar bindigarsa da hannunsa. Kamfanonin da suka yi suna a kansa ba su da yawa, kuma kowanne da launinsa: RCBS kore, Hornady da Lee ja, Lyman ruwan lemo. A jikin kwalin, abin da ake fara nuna wa mai saye shi ne injin matsi, wani ƙarfe mai dogon hannu da ake ɗaurewa a bakin tebur. Shi ne ya fi girma, shi ne ya fi tsada, kuma a kansa masu wannan sha'awa suke kwana suna gardama. Ni kuwa a ganina, cikin duk abin da ke kwalin nan babu wanda ya kai shi rashin buƙatar dogon tunani. Sana'ar tana wani wuri dabam, a sikeli da littafi, kuma a nan ne al'adar sayar da akwatin take da rauni.

Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso na tagulla, akwai ƙyastu, wato ɗan ƙoƙon da ke gindin kwanson wanda ke ba da tartsatsi idan allurar bindiga ta buge shi, akwai albarushi, sannan akwai kan harsashi da ke fita. Idan an harba, uku sun tafi, kwanso ne kawai ke faɗowa ƙasa, kuma galibi shi ne mafi tsada a cikinsu. Tagulla tana buɗewa da ƙarfin harbi, tana kuma yarda a matse ta ta koma yadda take. Daga nan al'adar ta samo tushe: a tsince kwanso, a wanke, a mayar da shi siffarsa, a sa sabon ƙyastu, a auna albarushi, a dasa sabon kai. Kwanso mai kyau yakan jure haka sau da dama kafin wuyansa ya tsage.

Wani abin mamaki na tarihi shi ya sa al'adar ta fi kama ƙasa a Amurka. A 1866 mutum biyu suka yi rajistar irin ƙyastunsu, Kanar Edward Boxer na ma'aikatar makamai ta Woolwich a Ingila, da Hiram Berdan, Ba'amurke. Na Boxer rami ɗaya ne a tsakiyar gindin kwanso, ana tura ƙusa siririya ta ciki tsohon ƙyastu ya faɗo. Na Berdan ramukansa a gefe suke, cire shi wahala ce. Sai Amurka ta rungumi na Baturen Ingila, Turai kuma ta daɗe tana amfani da na Ba'amurken. Da an yi akasin haka, da wuya a ce akwai kasuwar akwatin ɗan koyo kamar yadda take yau.

Larura ce ta fara haifar da aikin. Maharban ɓauna na shekarun 1870, waɗanda suka kusa ƙarar da dabbar daga filayen yammacin ƙasar, suna yin watanni nesa da kowane kanti, don haka da dare sukan narka dalma a sansani su sake ɗura kwansunan da suka harba da rana. A 1884 John Barlow ya kafa kamfanin Ideal, ya yi wani ƙarfen hannu mai siffar awartaki da ke yin aikin gaba ɗaya, ya kuma riƙa buga ɗan littafin jagora. Lyman ya sayi Ideal a 1925, littafin ya ci gaba da fitowa har ya kai bugu na 50 a 2016. Wato tun daga farko ƙarfe da littafi tare suka taho.

Bunƙasar gaske ta zo ne da Yaƙin Duniya na Biyu. Harsashi ya yi wa farar hula wuya, sai Fred Huntington, a bayan shagon wanki na mahaifinsa a garin Oroville na Kalifoniya, ya fara ƙera ƙarafan da ake yin kan harsashi da su a 1943. Asalin RCBS ke nan. Bayan yaƙi gwamnati ta rasa yadda za ta yi da tarin albarushin soja, Bruce Hodgdon ya sayi laba 50,000 a 1947, ya adana a tsohon taragon jirgin ƙasa, ya riƙa sayarwa kaɗan-kaɗan. Ga sojoji sun dawo gida sun saba da bindiga, ga tsofaffin bindigogin yaƙi a banza, ga albarushi da araha. A 1958 Richard Lee ya fito da wani ɗan ƙunshi da ke shiga aljihu, ana aiki da shi da guduma, ya sauko da sana'ar har gidan talaka. A wancan zamanin, wanda ya ce ɗurin gida tsimi ne bai yi ƙarya ba.

Yau fa? Har yanzu da maganar tsimi ake tallan akwatin, amma lissafin ya canza. Wanda ke harba harsashin da ke ko'ina, irin .223 ko .308, ribar da zai samu a kowane ɗaya ba ta taka kara ta karya ba, kuma sai ya ɗura ɗaruruwa masu yawa kafin ya mayar da kuɗin kaya, ban da lokacinsa. Mai riba na gaske shi ne mai bindigar da harsashinta ke da tsada ko ya ɓace daga kasuwa, irin .416 Rigby na farautar manyan namun Afirka, ko wata tsohuwar bindigar gado. Su kansu tsofaffin hannu sun san haka, suna ma yi wa juna ba'a cewa ba wanda ya taɓa tara kobo da wannan aiki, sai dai ya ƙara yawan harbi. Maganar cewa mai ɗurin gida ya tsira daga ƙarancin kasuwa ita ma ta sha ƙasa a 2020 da 2021, lokacin da ƙyastu ya ɓace daga kantuna, farashinsa ya ninka. Ƙyastu ba abin da ake yi a gida ba ne, kamfanoni ƙalilan ke yin sa, kuma harsashin masana'antarsu suke fara ciyarwa. Mutum na da injin matsi na ƙarfe zalla, yana zaune yana kallonsa.

Abin da ya rage wa al'adar na gaskiya, kuma ba ƙarami ba ne, shi ne daidaito. Kowace bindiga da halinta. Biyu za su fito daga masana'anta ɗaya rana ɗaya, wannan ta so harsashin da waccan ke watsarwa. Masana'anta tana ɗinka riga ɗaya ce don ta shiga jikin kowa, mai ɗurin gida kuwa tela ne da ya auna mutum ɗaya. Masu gasar harbi daga kan benci, inda ake neman harsashi biyar su bi kusan rami ɗaya, da wuya ka ga mai harba na kanti a cikinsu. Harsasai da dama da ake sayarwa yau a gidajen irin waɗannan mutane aka haife su: .22-250 ya yi shekaru a hannun masu gwaji kafin Remington ya karɓe shi a 1965, haka .25-06 a 1969.

To, idan daidaito ne ribar, ai da ma'auni ya kamata a auna akwatin. A nan ne nake da ƙorafi. Ana auna albarushi da giren, kuma giren 7,000 ne laba ɗaya, giram ɗaya kuwa ya ɗan haura giren 15. Sikelin wannan aiki dole ya rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren. Dalilin wannan tsanani shi ne ƙarfin da ke tashi a cikin bindiga. Ƙungiyar SAAMI, wadda masana'antun Amurka suka kafa a 1926, ta sa iyakar .308 Winchester a laba 62,000 kan kowane murabba'in inci. Tayar mota ba ta wuce talatin da 'yan kai. Wannan ƙarfi kuma yana tashi ne tazarar taƙi ɗaya daga idon mai harbi. Duk da haka, inda kamfani ya fi rage kuɗi don akwatinsa ya yi araha shi ne sikelin, musamman ƙananan na batir waɗanda lambarsu ke yawo da iska ko da raunin batirin. Tsohon sikeli mai sanda ya fi su jinkiri, amma nauyi yake bi, ba ya yin ƙarya sai an taɓa shi.

Sai abin da ba ya cikin kwalin sam. Bututan ƙarfe masu zare da ke mayar da kwanso siffarsa, ba laifi a bar su, domin kowane irin harsashi da nasa. Amma yawancin akwatunan ba su da ma'aunin tsawo, da dama kuma ba su da cikakken abin datse kwanso. Ga mai doguwar bindiga wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Kwanso mai wuyan kwalba yana ƙara tsawo duk lokacin da aka harba aka matse shi. Idan ya wuce kima, bakinsa yakan cushe a maƙogwaron bindiga ya shaƙe kan harsashin, ƙarfi ya haura iyaka ko da albarushin daidai yake. Akwatin da aka rubuta wa "cikakke" alhali ba ya iya gaya wa ɗan koyo tsawon kwansonsa, sunan ya fi ƙarfinsa. Wasu masu arahar ma ba littafi a ciki.

Littafin kuwa shi ne malamin. Littattafan Lyman, Hornady, Speer, Sierra da Nosler suna ɗauke da awon da aka gwada a ɗakin gwaji, kowanne da mafari da iyaka, kuma ba kullum suke yarda da juna ba, saboda kowa da bututun bindigar da ya yi gwaji da shi. Wannan saɓani shi ne darasi na farko: lambar littafi ba alkawari ba ce a kan bindigarka. Daga nan ladubban sana'ar suka fito. A fara daga ƙasa a hau a hankali. Kada a ajiye albarushi iri biyu a tebur lokaci ɗaya, domin na ƙaramar bindiga mai saurin ci idan ya shiga kwanson babba, tarwatsa ta yake yi. A rubuta komai. Kada a harba ɗurin wani. A wanke hannu, saboda dalma. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ake iya zubawa a kwali, shi ya sa wanda ya samu tsohon hannu ya zauna kusa da shi ya fi mai akwati mafi tsada.

Gardamar inji ba ta buƙatar dogon zance. Injin kamfanin Dillon da makamantansa, masu fitar da harsashi duk jan hannu ɗaya, na masu harba dubbai ne. Ɗan koyo ba ya iya sa ido a wuri huɗu lokaci guda, kuma sauri kan haifi nawa. Inji mai aiki ɗaya, irin Rock Chucker da ke kasuwa tun 1967, ko na Lee mai rahusa, duk suna yin harsashi mai kyau.

Doka ma tana nuna yadda kowace ƙasa ke kallon abin. A Amurka dokar tarayya ba ta neman lasisi ga mai ɗura wa kansa, sai mai sayarwa. A Jamus sai an yi kwas an ci jarrabawa kafin a ba mutum izinin sayen albarushi, kuma ina ganin sun fi gane cewa ilimin ne gaba da kaya. Maharbinmu mai bindigar toka, wanda ke ɗura albarushi ta baki, zai ga kamar ya san wannan aiki, amma baƙin albarushin gargajiya da marar hayaƙi na zamani ba dangi ba ne wajen ƙarfi, kuma awon ido da ake yi wa na farko kisa ne a na biyu. A Nijeriya Dokar Makamai ta 1959 ba ta bar wa kowa sarrafa makami da harsashi yadda ya ga dama ba, don haka wannan al'ada ta inda doka ta yarda ce.

Hukuncina a kan akwatin shi ne, yana da amfani, amma an jera shi a juye. Wanda ke ƙasar da aka halatta aikin ya fara sayen littafi ya karance shi kafin ya taɓa ƙarfe, ya zaɓi akwatin da sikelinsa ya fi aminci, ya ƙara ma'aunin tsawo da abin datsa a ranar. Launin injin kuwa, ya ɗauki wanda aljihunsa ya iya.