Rubutun Bayan Adaidaita Sahu: Sharhin da Ya Fi Na Jarida Kaifi

Wallahi babu wasu marubuta da suke burge ni a yau kamar 'yan Adaidaita Sahu da direbobin manyan motoci na Kano. Za a ce ai ba su suka ƙirƙiro maganganun da suke rubutawa a bayan ababen hawansu ba, yawanci karin magana ne da muka gada kaka da kakanni. Haka ne. Amma zaɓen magana ma gwaninta ce, sanin inda za a ajiye ta kuma ya fi zaɓen wuya. A nan ne bayin Allahn nan suka yi wa kowa fintinkau.

Ɗauki wannan: "Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi." A aji, ɗalibi zai haddace ta don jarrabawa, ya wuce. To ka gan ta da jan fenti a bayan keke mai ruwan ɗorawa, a cunkoson Bata da rana tsaka, direban na share gumi da gefen rigarsa, fasinja uku a baya, ɗaya ya ɗosana a gefensa. Tsigar jikina tashi take yi! Duk wanda ya san harkar ya san da yawa daga cikin masu tuƙin nan keken ba nasu ba ne. Akwai balas da za a kai wa mai keke kowace yamma, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ga kuɗin tikiti, ga mai, ga mai faci, ga bakanike. Abin da ya saura shi ne na cefane. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kurar nan bugun da take sha ya ninka. Mutumin bai rubuta wa kowa takardar koke ba. 'Yan kalmomi ya sa aka zana masa, ya bayyana yadda dukiya ke tafiya a ƙasar nan fiye da yadda masana ke yi a awa guda ta rediyo.

Abin ba yau ya fara ba. Tun zamanin gingimari masu bodin katako, direba da karen motarsa kan kai mota wajen mai fenti a zana mata zaki ko dawisu, a rangaɗa magana a goshi. Kekunan nan kuwa sun shigo Kano ne a 2005, lokacin Malam Ibrahim Shekarau, suka ɗauki sunan shirinsa na A Daidaita Sahu. Da aka hana acaɓa a Janairun 2013 sai suka mamaye gari, al'adar rubutun ta sauko daga babbar hanya ta shiga lungunan Kurna da Dakata da Rijiyar Lemo.

Inda suka fi kashe ni da daɗi shi ne siyasa. Lokacin zaɓe kowane keke cike yake da fastoci, wannan na murmushi, wancan ya ɗaga yatsu. Rana ta dake su, ruwa ya jiƙa su, su koɗe su ɓare. Abin da ke ƙarƙashinsu da fenti yana nan daram: "Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya." Wane Bakano ne zai karanta wannan bai gane ba? A idonmu Kwankwaso ya hau mulki a 1999, ya faɗi zaɓen 2003, ya dawo a 2011. Na kan kujera ya karanta ya shiga taitayinsa, wanda ya faɗi ya karanta ya ji sanyi, direban kuma bai ambaci sunan kowa ba. Wannan shi ne daɗin habaici. Babu wanda zai kama ka don ka rubuta "Kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu", amma mai jif ɗin da ya maƙale a bayanka a danjar titin Zariya dole ya karanta, ko yana so ko ba ya so, har a ba da hannu. In ya tsargu, to mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Garin da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, garin da Malam Aminu Kano ya koya wa talaka ɗaga kai ya dubi mai mulki ido da ido, ba abin mamaki ba ne ya haifi irin waɗannan direbobi.

Akwai ɗaya da nake jayayya da ita duk sanda na gan ta: "Ba a mugun sarki sai mugun bafade." Ni dai ban yarda a wanke na sama a ɗora wa na ƙasa ba, don shi ya zaɓo fadawan. Amma ka ga har ta sa ni muhawara da bayan mota, kuma wannan ma aikin magana mai kyau ne.

Sauran na yau da kullum ne, masu taushi. "Hassada ga mai rabo taki", saƙo ga maƙwabcin da ya ce ba zai iya biyan keken ba. "Babu maraya sai rago." "Addu'ar iyaye." Wani sunan mahaifiyarsa kawai zai sa. Har kurakuran rubutun ina ƙaunarsu, inda mai fenti ya haɗe kalmomi biyu don wuri ya ƙure masa, domin suna nuna hannun mutum ne ya yi, da kuɗin guminsa aka biya. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne duk ƙorafin da ke ciki, ba kasafai za ka ga zagi ko yanke ƙauna ba. Mutum ya faɗi cutar da ake masa ɓaro-ɓaro, a gefe kuma ya rubuta "Mahaƙurci mawadaci", ya tayar da keke ya ci gaba da neman halak.

Wanda yake son ya more, ya je bakin kasuwar Dawanau da safe lokacin da ake lodin hatsi, ko tashar Unguwa Uku, ya bi motocin ɗaya bayan ɗaya yana karantawa. Roƙona ga ɗaliban Hausa na Jami'ar Bayero da duk mai waya a hannu: ku riƙa ɗaukar hotonsu, ku rubuta unguwa da shekara. Keke na tsufa, ana sake masa tamfol da fenti, a sayar wa wani, sabon mai shi ya goge ya rubuta tasa.